Waƙar da Yaya Ba Ta Jefa da Takalmi Ba

Mutanen gari suna kiran mijina Mai Kunne. Wai duk waƙar da kamfaninsa ya fitar sai ta cika motocin haya da gidajen rediyo, don haka lallai Allah ya ba shi kunne na daban. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da kunnen nan, bari in gaya muku gaskiya: bawan Allahn nan bai san bambancin waƙa da ƙarar injin markaɗe ba. Kowace ya ji sai ya lumshe ido ya ce, "Kai, wannan ta yi!" Har kukan wayata ya taɓa yabawa.

Kamfanin ma a ɗakin bayan shagon yayarsa ya fara. Yaya tela ce, ita ta rene shi bayan rasuwar iyayensu, kuma duk duniya babu abin da ta tsana kamar kiɗa. Ta ba shi ɗakin ne ya riƙa gyaran kekunan ɗinki. Shi kuwa gogan naku ya jingina katifu a bango, ya sayo makirufo na gwanjo, ya fara tara samari masu ganin su mawaƙa ne.

Na farkonsu wani mai aski ne. Da aka gama ɗaukar waƙarsa, mijina ya fito da rikoda cikin shago don ya burge Yaya. Ko baiti ɗaya ba a gama ba ta cire takalmi ta wurga masa, ya same shi a goshi. Waƙar nan ta yi kasuwa har masu kaset suna faɗa a ƙofar shago. Ta biyu kuwa Yaya ta saurara ta ce, "Wannan da dama-dama." Kasakasan waƙar ba wanda ya saya, har yau suna nan, da su muka tokare ƙafar gadonmu.

Mijina ba shi da kunne, amma ba wawa ba ne. Ya lura. Daga nan kowace sabuwar waƙa sai an kai ta gaban keken Yaya. In ta ja tsaki, waƙa za ta ɗan zaga unguwa. In ta ce, "Kashe mini wannan abin!" to rediyo ta samu. In takalmi ya tashi, sai a ƙara buga kaset. Ranar da ta wurgo dutsen guga, Allah ya sa ba a jona shi ba, waƙar ce ta gina mana gidan da muke ciki.

Sai ka ga mawaƙi a bakin shago yana addu'ar Allah ya sa a jefe shi. Wani dogo ya fito yana sharɓar kuka, na ce lafiya? Ya ce Yaya ta sa masa albarka, wai muryarsa da sanyi. Washegari ya koma sayar da tayoyi. Wata kuma ta sa takalmin da aka jefe ta da shi cikin gilashi ta rataye a falo. Mijina ya riƙa sayo wa Yaya takalman roba kwali-kwali, marasa nauyi, ita kuwa tana ta cewa babu ƙane mai zumunci kamar nata.

Asiri ya tonu ne lokacin da wani babban kamfani, bayan ya gama kwashe mana mawaƙa ɗaya bayan ɗaya, ya gano inda kunnen yake. Suka zo da dogayen motoci, wai Yaya ta zo su ba ta ofis mai sanyi ta riƙa jifa. Ta kore su da tsintsiya, sannan ta juyo kan ƙanenta.

"Ashe sana'a ka mai da ni, ɗan nema? Ni ina ciwon kai, kai kana gina gida?"

Ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa. Amma da ya sake kunna wata waƙa, hannun nata bai nemi izininta ba.

Haka aka yi ta tafiya, kaset ya wuce, faifai ya wuce, waƙa ta koma cikin waya. Kowane yaro ya zama kamfanin kansa a ɗakin uwarsa. Namu ya rage daga mijina sai makirufo. Mai gidan da muka kama hayar ofis a ciki ya ce ko a fitar da waƙa mai tashe, ko a fitar da kaya.

Wata safiya yana shan shayi ya ce da ni, "Ni zan rera."

Na ce, "Kai? Da wace muryar?"

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Wai yana yaro kullum yana waƙa a gindin keken Yaya, kullum tana cewa ya rufe mata baki. Duk tsawon shekarun nan, albarkar da take sa wa mawaƙan da ke faɗuwa, shi kishi yake yi da su. Sau ɗaya yake so ta ce tasa da daɗi.

Na ce, "To ai in ta ce da daɗi, kamfani ya mutu. In ta jefe ka, ya rayu. Wanne kake so?"

Ya ci gaba da juya shayin da ba sukari a ciki. Wallahi tausayinsa ya kama ni, duk da haushin da nake ji.

Ranar gwaji na bi shi. Yaya ta tsufa, tana ɗinki da tabarau a karan hanci, kuma ta san halin da kamfani ke ciki. Ya jera mata takalma a gefen keke, inda hannu zai kai, ya kunna waƙar da ya ɗauka. Jama'a, murya kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Waƙar a kan wata yarinya ce da ke taka keken ɗinki ƙafa a kumbure don ƙanenta ya je makaranta da sabuwar riga.

Keken ya tsaya. Yaya ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi wa ɗan kowa ba. Sannan ta ɗauki takalmi ta ce, "Wannan wace irin banzar waƙa ce?" Ta wurga, takalmin ya faɗi nan kusa da ƙafarta.

Mijina ya dubi takalmin, ya ce, "Yaya, ba haka kike jifa ba."

Ta cire tabarau ta goge ido da ƙyallen mutane. "To ya zan yi? Da daɗi. Sake sa mini."

Waƙar ba ta je ko'ina ba, ko maƙwabtanmu ba su nema ba. Muka kwaso makirufo da katifu muka dawo gida, mijina yana tafe yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Yanzu gyaran kekunan ɗinki yake yi a ɗakin bayan shago, kuma ya iya.

Yaya kuwa a wayarta ta sa aka zuba mata waƙar, daga buɗe shago har rufewa ita ake ji. Shekaranjiya wani ya zo gwajin wando ya ce da Yaya, "Baba, don Allah kashe mana wannan abin."

Ina tsaye a wurin. A tsakiyar goshi takalmin ya same shi.