Ranar da Muka Jira Kogi Ya Juya

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, ina aikin tura kayan 'yan kasuwa a Xiaobei, unguwar da mutanenmu suka fi taruwa a Guangzhou. A lokacin ne kawuna, yayan mahaifiyata, ya zo daga Kano sayen kekunan ɗinki. Idonsa ya fara rauni, kuma 'ya'yansa sun yarda da tafiyar ne bisa sharaɗin ita ce ta ƙarshe.

Kawu yana da wata al'ada da ya gada daga mahaifinsa, wanda ya yi fatauci da jakuna. Ba ya barin kaya su kama hanya sai ya raka su iyakar inda ƙafa za ta kai, ya dafa su, ya yi addu'a. Ranar da aka loda kwantenarsa kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi, aka rufe ta, aka wuce da ita tashar jiragen ruwa ta Huangpu bai gani ba.

Da ya samu sauƙi ya ce, "Kai ni wurin jirgin kafin ya tashi."

"Kawu, ba a shiga. Bana ma an ƙara tsaro."

"To, karatun naka na mene ne?"

Tarihi na karanta a jami'a, abin da dangi suka daɗe suna tsokanata a kai. Shi ne kuwa ya tuna mini da tsohuwar tashar, wadda take kan kogi ɗaya da sabuwar, amma ta fi ta nisa da teku. Ban tabbata za ta gamsar da shi ba, amma ba ni da wata dabara.

Muka tarar da ƙauye mai tsit, da matakalar dutse da ke gangarawa cikin ruwa. Na faɗa masa cewa a nan jirage masu tafiya da iska suke tsayawa a da, su ɗauki shayi da alharini da tangaran. Daga baya laka ta cike wurin, jirage suka ƙara girma, tasha ta yi ta matsawa wajen teku, har ta zama wadda ake ɗaga kwantena a cikinta da ƙugiyoyin ƙarfe.

"Kamar kasuwarmu ke nan," in ji shi. "Da ta yi wa gari yawa sai ta fita bayan ganuwa. Ina jirgin yake?"

Na nuna masa can ƙasan kogin, wajen teku.

"Ruwan nan zai wuce ta wurinsa?"

"Zai wuce, Kawu."

Na riƙe shi muka sauka. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu, sai ya ɗago kai.

"Ɗana, ka ɓata. Ruwan nan cikin gari ya nufa."

Na duba, gaskiyarsa ce. Na san teku yana turo ruwa ya haura kogi sannan ya janye, amma a littafi na sani, ban taɓa tsayawa na lura ba. Na yi masa bayani.

"Kogi mai kai-komo? Ko gwauraye ba su kai shi yawo ba. To, mu jira ya dawo."

Muka zauna a inuwar wata bishiya. Muka yi sallah a kan kwali. Ya ba ni labarin mahaifiyata tana yarinya, yadda take bin ayarin mahaifinsu tana kuka sai an komo da ita a kafaɗa. Ni ban taɓa jin wannan ba, kuma ita ba ta nan balle in tambaye ta.

Wajen la'asar wani ganye da ke yawo a gabanmu ya tsaya, sannan a hankali ya kama hanyar teku. Na gaya masa. Ya sake sauka, ya shimfiɗa tafinsa a kan ruwan yadda yake dafa buhu, ya daɗe yana addu'a. Har yau ban san ko wannan ya cika sharaɗin rakiya ba, ko kuwa don kada in ji kunya ya karɓa.

Ya miƙe, ya goge hannu a rigarsa.

"Mu tafi," ya ce. "Na raka su."