Notin da Ba a Taɓawa

A kasuwar Rarotonga, wani tsoho mai hular kaba ya tare wa Moeroa gaban rumfar kifinta. Ya baje ƙoƙunan kwakwa a ƙasa, ya jera notocin ƙarfe a cikinsu, kowane noti da gidansa, yana shafa musu mai ɗaya bayan ɗaya saboda tsatsar iskar teku. Da gani, babu mai jiransa a gida. Salansar babur ɗinsa kuwa da igiyar fatsa take ɗaure, tana reto.

Masu saye sai juyawa suke. Moeroa ta ƙule.

"Haba Baba! Ɗauki noti ɗaya ka ɗaure abin nan, ka ba ni wuri mana!"

Tsohon ya kife tafinsa a kan ƙoƙon.

"Ke yarinya, in na ɗaura masa ɗaya, ai sun ragu ke nan!"