Mai Makullan Masaukin Baƙi

Mama Mai Makulli ake ce mata. Ita ke kula da masaukin baƙin ɗalibai a jami'ar, tun daga zanen gado har famfon da ke yoyo. Kowace shekara jami'ar kan yi musayar ɗalibai da wata takwararta a ƙetare: su turo nasu, a tura musu na nan.

Shekarar da aka zaɓi autanta, har rawa ta taka a barandar masaukin. Wanda aka turo a gurbinsa wani dogon saurayi ne mai yawan tari. Ta ba shi ɗakin ƙarshe, ta riƙa dafa masa ruwan zafi, tana cewa a ranta can ma wata uwar na yi wa nata haka.

Dogon ya gama zangonsa ya koma gida da ƙiba. Auta kuwa bai dawo ba. Kiran wayarsa ya yi ta raguwa, daga baya lambar ta daina shiga.

Ta sami daraktan ofishin hulɗa da ƙasashen waje.

"Ranka ya daɗe, nasu na mayar musu lafiya. Ina nawa?"

Darakta ya cire tabarau yana gogewa. "Mama, sun ce ya kammala, ya miƙa makullin ɗakinsa ya fita. Iyakar saninsu ke nan."

An ci gaba da sabunta yarjejeniyar musayar, ana ɗaukar hoto ana tafi. Ita kuma duk sabon baƙo, kafin ya ajiye jaka ta nuna masa hoton auta a waya. Wata yarinya ta taɓa ƙura wa hoton ido ta ce kamar ta gan shi a tashar jirgin ƙasa can ƙasarsu, yana tura kaya. Washegari ta ce a'a, wancan ya fi tsufa.

Bara ta yi ritaya, ta koma gidan babbar 'yarta. Wani lokacin da rana tsaka baƙuwar lamba kan kira. Ba a magana, sai numfashi da hayaniyar titi daga nesa.

"Umma, 'yan damfara ne," in ji 'yar. "Kashe kawai."

Ba ta kashewa. Takan gyara zama ta shiga ba da labarin gida: wa ya haihu, wa ya rasu, yadda gwiwarta ke damunta, har sai an katse daga can.