Ƙofar Zauren Baba da Hannuna na Dama

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko na bar aikin jarida ne, ban bari ba. Hannuna na dama ne ya daina aiki.

Ga yadda aka yi.

Ƙofar zauren gidanmu a Gumel ta katako ce, ta girme ni. Marigayi Baba kusan duk Sallah sai ya sa an ƙara mata koren fenti, har ya yi kauri yana tsattsagewa. Na ce zan kankare ta da tagogin gidan da kaina, in ga ainihin katakon.

A kasuwar Maigatari na sayi na'urar da ke hura iska mai zafi, wadda ke tausasa fenti a kankare shi. Mai shagon ya ce, "Alhaji, in ka tashi aiki ka sha madarar gwangwani, tana wanke ƙirji. Duk masu fenti haka suke yi." Na yarda, don tun ina yaro nake jin haka.

Da na cire ƙofar, sai cikin gida ya zama a buɗe, duk mai wucewa yana hango mata. Hajiya, mahaifiyata, ta ce a rufa mana asiri. Sai na rataya tamfol a bakin zauren, na shiga ciki ina aiki. Kowane ƙarshen mako haka. Ina ƙure zafin na'urar har fentin ya yi hayaƙi, in share da busasshiyar tsintsiya, in ɓare goro da hannun, in sha madarata hankali kwance.

Farko bakina ne ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe. Sai bayan gida ya ɗauke. Sai ciwon ciki mai murɗawa, wanda ke sa ni durƙusawa a tsakar gida.

A kemis aka ce taifot. A wani asibiti aka ce olsa. Na sha magunguna, na sha rubutun da Hajiya ta karɓo, ban ƙi ko ɗaya ba. Ciwon bai ko gezau ba.

Wata safiya na ɗauki buta zan yi alwala, ta suɓuce. Na duba hannuna, ya lanƙwashe daga wuyan hannu yana reto. Ina ba shi umarni, ba ya ji.

Aikina tambaya ne, amma ranar ban san wa zan tambaya ba.

Matata Bilkisu da taubashina Habu suka kai ni Kano. Aka ɗebi jini, aka ce ya yi ƙasa. Aka yi hoton ciki, ba a ga komai ba. Kullum layi, kati, jira, a dawo gobe. Sai wata likita ta ajiye biro ta ce, "Malam, ban da rubutu, me hannun nan ya taɓa a watannin nan?"

Bilkisu ce ta amsa. "Ƙofa, likita. Ƙofar nan da ya fi so da mu."

Likitar ta sa aka aika jinina gwajin dalma. Gwajin da tsada, sakamakon kuma ya daɗe bai zo ba. Da ya zo ta ce, "Gubar dalma ce. Tsohon fenti yakan ƙunshe ta, zafi mai yawa kuma yana mai da ita hayaƙi." Na ce ai ina shan madara. Ta ce, "Madara abinci ce, Malam. Ba ta hana dalma shiga jini."

Na tambaye ta ko hannun zai dawo. Ta ce, "Muna fata. Ba zan yi maka alkawari ba."

Aka gwada mutanen gida, Allah ya tsare su. Ni aka ɗora ni kan maganin da ke fitar da gubar ta fitsari, aka ɗaure hannun da abin tallafi, aka tura ni sashen gashi da motsa gaɓoɓi. Babur ɗina a nan ya tafi, na sayar na biya kuɗin magani.

Abin da ya fi ciwon cikin zafi shi ne gaisuwa. Dattijo ya miƙo hannu a masallaci, ni kuwa sai in tallafo na dama da na hagu in miƙa masa kamar kayan aro. Bilkisu ke ba ni tuwo a baki. Habu yana zaune yana cewa, "Ango, a ƙara miya? Mu da muke da hannu ba wanda ya taɓa ba mu a baki." Ina dariya, hawaye na zuba.

In za ku kankare tsohon fenti, ku ɗauka akwai dalma a cikinsa. Ku fitar da aikin fili, nesa da yara da masu ciki. Ku sa na'urar a ƙaramin zafi, fentin ya yi laushi kawai. In ya fara hayaƙi, kun wuce gona da iri. Ku sa takunkumi mai matatar iska, ƙyalle ba ya isa. A yayyafa ruwa kafin shara, kada a zuba ɓawon a murhu, kada a ci komai sai an wanke hannu an canza kaya. Ku ajiye ruwa kusa, busasshen katako yana kamawa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan da ta yi tambaya, da Bilkisu, da Hajiya da har yau take cewa da ta sani da ta bar zauren a buɗe. Hajiya, ba laifinki.

Har yanzu biro yana gajiyar da ni, da hagu na buga yawancin wannan. Amma Juma'ar da ta wuce liman ya miƙo mini hannu, na ɗaga na dama shi kaɗai. Ya riƙe, ya ji yatsuna sun matsa nasa, ya ce, "A'a, Malam, ya dawo ke nan?"

Na ce, "Yana hanya, Allah gafarta malam."