Injiniya Habu da Tafiyar da Ya Jinkirta Mana Shekara Biyu

Shekara bakwai ke nan cif tun ranar da muka sallaci Injiniya Habu bayan la'asar a wani masallaci na unguwar Al-Nasiriya, muka kai shi makwancinsa a nan Riyad, garin da ya zo da niyyar shekara uku ya ƙare da ashirin da ɗaya. Ni ma'aikacin ɗakin magani ne a wani asibiti, shi kuwa injiniyan famfunan ruwa ne a wata masana'anta da ke Birnin Masana'antu na Biyu. Shi Bazazzagi, ni Basakkwace. Wasan golf ne ya haɗa mu. Na san wasu masu karatu za su yi murmushi da jin haka, su ce dattawa da furfura suna bin ƙaramar ƙwallo da sanda har rami goma sha takwas. Su yi murmushinsu. Ni dai a kan wannan ciyawar na san ɗaya daga cikin mutanen kirki da Allah ya haɗa ni da su.

Mu bakwai ne a lokacin, duk Hausawa, akwai likita, akwai malaman jami'a, akwai ɗan kasuwa. Kowace Juma'a da an idar da sallar asuba sai mu nufi wani fili a arewacin gari, mu gama kafin rana ta yi zafi, mu sha shayi, kowa ya koma gida shirin masallaci. Habu ba shi ne gwaninmu ba, amma shi ne mai haɗa kanmu. Shi yake kira ranar Alhamis, shi yake sasanta wanda ya ce an cuce shi a wasa.

Yana da buri guda da kowa ya sani har ana yi masa tsiya a kai. Akwai wani tsohon fili da ya shahara a gaɓar tekun Scotland, mai babban otal a gefensa, inda masu wasan nan daga ko'ina a duniya suke fatan taka ƙafa ko sau ɗaya ne. Habu bai taɓa zuwa ba, amma ya san kowane rami da inda iskar teku take bugowa a cikinsa. Wata Juma'a ya zo wurin shayi da koren fayil a hammata. Ya ce ya gama bincike: ana neman gurbi tun shekara guda kafin lokaci, ana bugawa huɗu-huɗu, kuma kowa sai ya nuna katin handikaf, wato shaidar da kulob yake bai wa ɗan wasa cewa ya kai wani matsayi. Ya karanto sunaye takwas. Muka dubi juna, domin mu bakwai ne. Na takwas ɗin Isuhu ne.

Isuhu mutumin Tasawa ne ta jihar Maraɗi, ya ba hamsin baya a lokacin, kuma yana cikin masu kula da ciyawar filin da muke wasa. Mukan gaisa da shi, yana cikin koren kayan aiki, riƙe da mesa ko manjagara. Abin da ba mu sani ba, Habu ya sani. Wata safiya ya riga kowa zuwa, ya tarar da Isuhu a cikin ramin yashi da wata tsohuwar sanda da wani ya yar, yana fitar da ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana zuwa ta kwanta dab da rami. Shekara goma sha huɗu yana kallon masu wasa, yana gwadawa idan babu kowa.

Ba zan yi wa kaina ƙarya a jarida ba, ina cikin waɗanda suka ɓata rai. Batun guzuri ba shi ne damuwarmu ba, wannan Habu ya rufe shi a zama guda. Abin da muka fito da shi fili shi ne Isuhu ba shi da kati, kuma filin da yake aiki ba ya karɓar ma'aikatansa a matsayin 'yan kulob. Abin da ba mu faɗa ba, wanda kowannenmu ya sani a ransa, shi ne ba mu saba zama teburi ɗaya da mai ba ciyawa ruwa ba. Farfesa Lawal, wanda ya fi mu iya magana, ya ce a yi tafiyar yanzu, in ya so wata shekarar a duba lamarin Isuhu.

Habu ya rufe fayil ɗinsa a hankali. Ya ce, "Farfesa, shekara nawa muna taka ciyawar mutumin nan? Ko sau ɗaya ka taɓa ganin ta bushe? Wanda yake son tafiya bana, ga takardun, zan taimaka masa ya cike. Ni dai da Isuhu zan je."

Bai ƙara ba, bai kuma yi fushi da kowa ba. Mutum biyu suka karɓi takardun, suka bi wasu Turawa abokan aikinsu, suka je suka dawo da hotuna. Habu ya zauna ya kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya yana ta tambaya, kamar ba shi ne ya fara kawo maganar ba. Ni na tsaya ne don kunyarsa, ba don na yarda da shi ba.

Shekarar farko ta tafi a neman kati. Akwai wani fili can cikin sahara a wancan lokacin wanda babu ciyawa ko ɗaya a cikinsa, sai yashi da aka daddaɓe, kowa yana yawo da 'yar tabarmar roba da zai ɗora ƙwallo a kai. Nan ne suka yarda su rubuta Isuhu. Ranar hutunsa Asabar ce, saboda haka Habu ya sadaukar da Asabar ɗinsa. Yakan tashi daga Al-Nasiriya ya ɗauko shi a masaukin ma'aikata, su buga, ya sa hannu a takardar maki a matsayin shaida, ya mayar da shi. Mai ɗakinsa, Hajiya Binta, ta taɓa ce mini da dariya, 'ya'yanta sun fara tambaya ko Baba ya ƙara aiki na biyu. Kafin katin ya fito, lokacin neman gurbi na wannan shekarar ya wuce.

Shekara ta biyu kuma aka ci karo da kafili, wato ubangidan da baƙon ma'aikaci yake ƙarƙashinsa a ƙasar nan. Lokacin da ake iya wasa a Scotland shi ne tsakiyar zafin Riyad, lokacin da ciyawa take mutuwa a yini guda idan ruwa ya yanke. Mudir, wato manajan kamfanin da ke riƙe da ikamar Isuhu, takardarsa ta zama a ƙasa, ya ce babu huruj wa auda, wato izinin fita da dawowa, ga mai kula da ciyawa a watannin zafi. Habu ya je wurinsa sau uku. Na raka shi a na ukun, ina jiran in ga ya yi roƙo ko ya ɗaga murya. Bai yi ko ɗaya ba. Tambaya ya yi: mene ne ainihin abin da ake tsoro? Mudir ya ce famfunan filin tsofaffi ne, suna tsayawa ba sanarwa, kuma Isuhu kaɗai ya san yadda ake lallaɓa su. Habu ya ce a nuna masa ɗakin famfunan.

Duk lokacin sanyin wannan shekarar, mu muna kan ciyawa ranar Juma'a, shi yana cikin ɗakin injuna da sifana a hannu, shi da yake babban injiniyan da ma'aikata suke miƙewa idan ya shigo. Ya kwance famfunan ɗaya bayan ɗaya, ya gyara, ya rubuta wa sauran ma'aikata yadda za su yi da Larabci da Hausa, ya manna a bango. Da bazara ta ƙarato mudir ya sa hannu a kan kwana goma.

Saura wata huɗu mu tashi, Habu ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa ya shanye. Allah ya taƙaita, magana ta dawo, ƙafa ta dawo, amma hannun hagu bai ƙara riƙe komai da ƙarfi ba. Duk wanda ya san wasan nan ya san ma'anar haka. Na je duba shi a gida, na same shi a tsakar falo yana matsa wata ƙwallon roba da likita ya ba shi. Abin da ke cina ya fito ban shirya ba. Na ce, "Injiniya, da mun tafi tun farko, da ka buga." Ya dube ni ya ce, "Da na buga, Malam Sani. Da kuma na dawo na ci gaba da gaida Isuhu ina kawar da kai." Daga nan ya tambaye ni ko na sayi rigar ruwa, domin can ana ruwa ko a tsakiyar bazara.

Muka tafi mu shida. Abin da ba zan manta ba ya faru ne tun kafin a doki ƙwallon farko. Muna isa bakin filin, teku na ta ruri a gefe, iska tana neman cire mana huluna, sai Isuhu ya ajiye jakarsa ya durƙusa. Ya tura yatsunsa cikin ciyawar, ya murza ƙasar, ya shinshina. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ina bututun ruwansu?" Habu ya nuna masa sama. Isuhu ya daɗe yana kallon gajimaren nan, ya ce ikon Allah, wato akwai inda ciyawa take fitowa ba a roƙe ta ba. Wani dattijon Bature da ke aikin ciyawar wurin ya matso don ya ga abin da ake yi. Habu ya tsaya musu tafinta, suka shafe kusan rabin sa'a suna maganar saiwa da yashi da tsutsa, har mai kiran sunaye ya leƙo nemanmu.

Aka kira Isuhu. Ya doki ƙwallon farko ta gangara 'yan taku kaɗan ta tsaya, ga mutane a barandar otal suna kallo. Habu, wanda aka ba ƙaramar motar fili saboda takardar likita, ya sauko ya je kusa da shi, ya ce, "Isuhu, ciyawa ce kawai. Duk nan babu wanda ya fi ka saninta." Daga bugu na biyu Isuhu bai sake waiwaye ba. Ya cinye mu duka, da iska da yayyafi da komai, ni har na daina rubuta makina a rami na goma sha biyu. Habu yana bin mu, yana faɗa mana inda iska za ta juya kafin ta juya, kuma bai yi kuskure ba ko sau ɗaya.

A rami na ƙarshe ya ce in ara masa sandar da ake tura ƙwallo da ita. Ya ajiye ƙwallo ɗan nesa da ramin, ya riƙe sandar da hannun dama kaɗai, ya tura. Ta wuce da kamar taku biyu. Ya yi dariya har da tari, ya miƙo mini sandar ya ce, "Halas, shi ke nan, na buga." Wannan ne bugunsa ɗaya tilo a filin da ya yi shekaru yana mafarki. Shekara guda da 'yan watanni bayan dawowarmu ciwon ya sake dawowa, bai tashi ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Riyad ta yau. Jirgin ƙasa yana ratsa gari, manyan 'yan wasan duniya da muke gani a talabijin suna zuwa gasa har nan, mata da 'yan mata suna koyon riƙe sanda a filin da muke zuwa, ana kuma ta buɗe sababbin filaye a gaɓar Bahar Maliya, har mutum ba sai ya tsallaka duniya ba kafin ya buga a bakin teku. Na tabbata zai ji daɗi, domin bai taɓa zama mai ƙyashin sabon abu ba. Da tuni koren fayil ya sake fitowa. Amma na san shi. Kafin ya yaba kyan wuri, zai zagaya bayan gini ya nemi ɗakin famfo, ya gaisa da waɗanda ke ciki, ya tambayi garinsu da ranar hutunsu. An sassauta wasu dokokin fita da shiga ga ma'aikata tun bayansa, wannan zai faranta masa. Zai kuma lura, kamar yadda nake lura yanzu, cewa har gobe yawancinmu muna wuce masu koren kaya da ɗaga hannu kawai.

Ƙungiyar Juma'a ta watse a hankali. Wasu sun yi ritaya sun koma gida, gwiwa ta hana wasu. Farfesa Lawal, Allah ya saka masa, shi ne ya fara zuwa gaisuwar rasuwar Habu da gari ya waye, kuma a gaban mutane ya ce Habu ne ya yi daidai. Isuhu ya koma Tasawa shekara uku da suka wuce, yana noman rani, ya ce famfonsa bai taɓa tsayawa ba saboda a hannun gwani ya koya.

Habu bai bar gini da sunansa ba, bai ci kofi ko ɗaya ba. Idan na auna abin da ya rage, ina ganin ya canja yadda mu 'yan kaɗan muke kallon mutane, kuma bai yi haka da wa'azi ba. Ranakun hutunsa ya bayar, da ƙarfin hannunsa, da damar da bai san ba za ta sake dawowa ba, kuma da ta wuce bai taɓa bari Isuhu ya ji nauyinta ba. Makon jiya Isuhu ya kira ni, kamar yadda yake yi duk shekara idan lokacin ya zagayo. Muka gaisa, muka yi wa marigayi addu'a. Sannan ya ce abu ɗaya ne yake damunsa har yau: bai taɓa samun yi wa Alhaji godiya yadda ya kamata ba, domin duk ranar da ya fara, sai Alhaji ya katse shi da tambayar yadda ake fitar da ƙwallo daga yashi.

Allah ya jiƙan Habu, ya yalwata masa kabarinsa, ya isar masa da godiyar da bai bari a yi masa ba.