Harbin da Bai Tada Tantabaru Ba

Mahaifina, mai suna Tsoho, maharbi ne tun daga ƙasar Rano. Shekara tara suka yi a hanyar Makka, shi da mahaifiyata da amininsa Garba, suna tafe suna tsayawa tsintar auduga a Sudan don neman guzuri. A can aka haife ni. Da suka sauke farali komawa ta gagara, sai suka kafa bukkokin buhu da gwangwani a bayan unguwar Jarwal, wajen da yanzu ake ce wa Mansur. Baffa Garba ya saɓi zafa, wato sanda da garwa biyu, yana kai ruwa gidajen Larabawa. Baba kuwa ya zauna hannu rabbana, don garin da aka hana ko korar zomo ba garin maharbi ba ne.

Wani mai lambu a Wadi Fatima ne ya cece shi. Wurin yana bayan iyakar Harami, kuma kura da kyarkeci sun addabi awakin mutumin, beguwa da yanyawa sun hana kankanarsa sakat. Ya ɗauki Baba aiki ya danƙa masa bindiga biyu. Ɗaya babba ce, irin wadda sojan Turkawa suka bari, harsashinta ya kai ɗan yatsa, in ta tashi sai duwatsun kwarin sun amsa. Ɗayar 'yar siririya ce mai cin harsashi ɗaya, shi ma bai fi ƙwayar wake ba.

Zancen bindigogin nan Baba ba ya gajiya da shi, mu ne muke gajiya. Wai babbar ta kura ce da kyarkeci, masu ƙashi da taurin rai. Ƙaramar ta beguwa ce da yanyawa, don in ka sa wa yanyawa babba ka yi ɓarnar harsashi, ka kuma firgita duk abin da ke kwarin har kwana uku. Kafin ya ɗaga bindiga sai ya duba abin da ke bayan dabbar, ko mutum ko raƙumin wani. Shekara goma sha biyu yana wannan aiki bai taɓa barin dabba ta tafi da rauni ba, kuma yana so a san haka. Mutum ne mai tsoron Allah, amma akwai shi da ji da kai a kan abin da ya iya.

Bai taɓa shigowa da bindiga gari ba. Duk Alhamis in zai dawo gida sai ya bar su a lambu. Tantabarun Harami kuwa girmansu yake gani fiye da na wasu mutanen. In suna kiwo a kan hanya sai ya kewaye, ko da zai taka kwata. Ya taɓa ji a wajen wa'azi cewa ba a firgita dabbar Makka, kuma tun ranar ya riƙe maganar da ƙarfi, bai sake neman ƙarin bayani ba.

Shekara biyu bayan an gama babban yaƙin Turawa, lokacin ina da aure da goyo, wani mahaukacin kare ya shigo mana unguwa. Jan kare ne, ƙato, yawu na dalala daga bakinsa. Ya ciji awaki biyu da jakin wani Bayamale, mutumin Yaman, sannan ya mai da gindin bazan wurin kwanansa saboda sanyin laka. Bazan shi ne inda masu ruwa ke ɗiba, ƙofar gidana kuma tana kallonsa. Kwana biyu ba mai iya zuwa kusa. Sai umda, mai unguwarmu, ya samo izini ya aika wa Baba cewa ya zo da bindiga.

Baba ya zo da ƙaramar. A bakinta ya ɗaura wani abu da ya sa maƙerin farin ƙarfe ya yi masa da gwangwani, aka cusa gashin raƙumi a ciki. Takunkumi ya sa masa suna, wai zai haɗiye ƙarar.

Ina tsaye a wurin Baffa Garba ya juya bindigar a hannunsa ya ce, “Tsoho, ina babbar? Wannan karen fa ya kai ɗan maraƙi.”

Baba ya nuna rufin bazan, inda tantabaru suka yi layi. Ya ce, “Ka gan su? In babbar ta tashi a nan, ba tantabarar da za ta saura daga nan har Misfala. Ni ba zan tsaya gaban Allah da wannan ba. Na gwada wannan a lambu, taku talatin, ta huda kankana ta fita.”

“Kankana ba ta da haƙori.”

“Garba, kai ruwa ka sani. Bar ni da abin da na sani.”

Baffa Garba ya yi dariya ya ce, “To, tayyib, malamin bindiga. Ni dai moya, ruwan nan, nake so in kai wa mutane kafin su kore ni.”

Da hantsi aka yi abin, a kan idona. Mutane sun ja baya sun tsaya bakin lungu, Baffa Garba na gabansu da sandar zafarsa. Baba ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya daɗe yana saiti. Da ya harba, ƙarar ba ta wuce ta tafi ɗaya ba, kuma ko tantabara ɗaya ba ta tashi ba. Amma nauyin gwangwanin ya ja bakin bindigar ƙasa, harsashin da aka nufi kai da shi ya shiga kafaɗa ya tsaya. Karen ya miƙe da ƙafa uku ya yo kan mutane. Baba na ta kiciniyar sa wani harsashin. Mata da yara suka cushe a lungun suna taka juna. Baffa Garba bai gudu ba, ya tare bakin lungun ya kai wa karen duka. Ya kashe shi a bugu na uku, amma kafin nan karen ya riga ya kama shi a tsintsiyar hannu.

Aka wanke wurin cizon, aka ɗora masa ƙarfen da aka gasa ya yi ja, aka yi tofi. Ciwon ya warke sarai cikin mako biyu, ya koma ɗaukar ruwansa yana tsokanar Baba da kankana. Baba ba ya dariya. Ya daina zuwa lambu, kullum yana ƙofar Baffa Garba yana kallon yadda yake cin abinci da yadda yake shan ruwa. Wata tsohuwa ta ce in aka wuce kwana arba'in an tsira, sai duk muka kama lissafin kwanaki a ɓoye.

Ran kwana na talatin da shida Rakiya, matar Baffa Garba, ta aiko a kira mu. Mun tarar da shi zaune a ƙuryar ɗaki, leɓensa ya bushe ya tsage. Na miƙa masa moɗa, yana ganin ruwan maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture hannuna har moɗar ta faɗi. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana shayar da rabin Jarwal, shi ne yake roƙon a fitar da randa daga ɗakin. Na sha ganin mutuwa, amma ban ga wadda ta ƙona mini rai kamar wannan ba.

In hankalinsa ya dawo sai ya nemi Baba. Ya ce masa, “Tsoho, ka daina wannan fuskar. Khalas, shi ke nan, abin da aka rubuta ne. Ka dai kula mini da Rakiya da yaran.” Kwana huɗu ya yi a haka, rana ta biyar aka yi masa salla a Harami.

Bayan sadakar bakwai Baba ya tafi wurin Malam Isa, wani malaminmu Bahaushe da ke karantarwa a masallaci, don ya ji ko akwai kaffara a kansa. Da ya dawo bai shiga gidansa ba, nawa ya shigo, ya zauna a kan turmi ya ba ni labarin yadda suka yi. Malam ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce kare mai cizo an halatta kashe shi ko a cikin Harami. Tantabarun da suka tashi don ƙarar da ba su aka nufa da ita ba kuwa, za su zaga su dawo su sauka, babu komai a kan mai harbin. Sai ya tambaye shi, “Malam Tsoho, tsakanin gidanka da inda nake zama tafiyar nawa ce? Me ya hana ka tambaya?”

Baba ya ce ya amsa masa, “Na ɗauka na sani.”

Bai sake komawa Wadi Fatima ba. Ya aika wa mai lambu da ƙaramar bindigarsa, ya ɗauki zafar Baffa Garba, yana da shekara kusan sittin, ya riƙa bin gidajen da mamacin ke kai wa ruwa. Abin da ya samu gidan Rakiya yake fara kaiwa. Kafaɗarsa ta yi kanta, bayansa ya ranƙwafa, har ya aurar da 'ya'yan amininsa mata biyu, ya sa namijin koyon ɗinki.

Kowa a unguwa ya gaya masa ƙaddara ce, ya daina cin kansa. Umda ya faɗa, mahaifiyata ta faɗa, har Rakiya ta faɗa. Ni kaɗai ce ban faɗa ba, kuma na san daga bakina yake son ji, don ni ce nake tsaye a wurin lokacin da aka ce masa ya ɗauko babbar ya ƙi. Ranar da ya zauna a kan turmina ya gama ba ni labarin Malam, ya ɗago ya dube ni yana jira. Ina son ubana, Allah ya sani, amma haushinsa ya cika mini ciki, sai na juya na ci gaba da tankaɗe. Na ce a raina gobe na faɗa masa, in zuciyata ta sauka. Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan nan yana shigowa gidana kowace safiya ya juye mini ruwa a randa, ya ɗan tsaya a bakin ƙofa kafin ya fita. Har aka ɗauke shi zuwa makwancinsa ban faɗa masa ba.