Zuwa Baro da Kawu, Neman Buba

Muna idar da sallar asuba a Wurma muka kama hanya, ni da kawuna, yayan mahaifiyata. Shi yana kan jaki, ni ina ƙasa riƙe da jakarsa, muka nufi Kurfi don mu tari motar Dutsin-Ma. Masu zama a rumfata sun ishe ni da tambayar inda na shiga har kwana goma rumfa a rufe, agogon wannan da rediyon wancan suna jirana. To ga shi na rubuta, mai iya karatu ya karanta, don ba na jin zan iya maimaita shi da baki.

Abin da ya fitar da mu shi ne Buba, ɗan farin Kawu, taubashina. Shekara shida ke nan da barinsa gida, kuma da hannuna a ciki. Aikin waya na koyo a soja, na dawo na buɗe rumfar gyaran rediyo a kasuwar Dutsin-Ma. Duk ranar kasuwa sai Buba ya bar wa ƙannensa shanu ya zo ya tsugunna yana kallon hannuna, ina ce masa bawana, yana ce mini sojan da bai taɓa harba bindiga ba. Da wasa da wasa ya iya aikin. Wata rana ya sayar da karsana daga zuriyar saniyar da aka ba shi tun ranar suna, ya yi Kudu. Kawu ya ce a gaban jama'a kada ya ƙara taka masa gida. Daga baya wasiƙarsa ta same ni, cewa yana aiki a jirgin ruwa a kogin Kwara, shi ke riƙe da rediyon jirgin, kuma suna hawowa Baro ɗaukar gyaɗa idan kogi ya cika.

Bana tari ya kama Kawu tun bazara, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya aika aka kira ni. Bai ambaci Buba ba. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ma yi masa magana kai tsaye in da hali, balle Kawu, wanda Fillanci ya gudu daga bakinsa amma kunyar Fulani tana nan daram. Cewa ya yi, "Wancan da ka sani, ka kai ni inda shike. Akwai maganad da na hwaɗi, ina son in janye ta tun ina da numhwashi."

Daga Dutsin-Ma muka hau babbar mota mai ɗauke da buhunan gero, muka bi ta Ƙanƙara zuwa Funtuwa. Direba ya tausaya wa Kawu ya sa shi gaba, ni kuwa na sha rana a saman kaya tare da wata akuya da ta ƙi jinina tun daga tasha. A gulbin Karaduwa duk muka sauka aka tura mota ta cikin yashi. Kawu ya tsaya yana kallon ɗan ruwan da ya rage, ya tambaye ni ko Kwaran ta kai wannan. Na ce ta ɗan fi.

A Funtuwa muka shiga jirgin ƙasa. Kawu bai taɓa hawa ba, amma bai nuna ko a fuska ba, sai dai na lura bai saki bencin ba har Zariya. A Kaduna na sayo mana shayi da burodi na sisi, ya juya burodin ya shinshina ya miƙo mini, ya kwance ƙullin furarsa. Daga nan ƙasa ta fara canjawa. Itatuwa suka yi tsawo, ciyawa ta fi mutum, shanun da muke hangowa gajeru ne. Kawu ya dube su ya ce Allah ya sawwaƙe.

A Mina ne tafiyar ta ɓaci. Tarin ya taso masa da ƙarfi har ya kasa miƙewa, dole muka kwana biyu a gidan wani Bakatsine mai sayar da goro, Allah ya saka masa da alheri. Jirgin Baro ba kullum yake tashi ba, muna ji muna gani ɗaya ya tafi ya bar mu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan yi wa faɗa? Ranar da muka samu muka tashi, muka ratsa ƙasar Nufawa, fadamun shinkafa iya ganinka, mata suna miƙo busasshen kifi ta taga a kowace tasha. Kawu ya toshe hanci da gefen rawaninsa.

Mun sauka Baro rana ta take tsaka. Zafin garin irin mai danƙo ne, ga ƙudan tsando. Rumbunan kwano jere a bakin kwata, wato inda jiragen ruwa ke tsayawa, leburori suna ta kai da kawo. Da Kawu ya ga kogin sai ya tsaya cik. Ya yi salati a hankali.

Na yi ta tambayar Buba ba wanda ya san shi, sai da na ce wani dogo fari mai riƙe da rediyo. Wani lebura ya ce, "Au, wanda muke ce wa Katsina kake nufi! Ai sun tashi ɗazu da hantsi." Ya nuna mini ƙasan kogi. Ya ce wannan ne sawunsu na ƙarshe, ruwa ya fara ja da baya, sai kuma baɗi in kogi ya cika. Na juyo na dubi Kawu. Duk wanda ya ji tarinsa ya san baɗi ta yi masa nisa.

Leburan ne ya ce in gwada wani ƙaramin jirgi da ke ɗaure a ƙarshen kwata, ana sa masa sabuwar rediyo irin ta magana da jirage, wadda muke ce wa oba-oba. Na sami injiniyan, wani dattijo mutumin Lakwaja, ya yi gumi sharkaf, wayoyi a warwatse a gabansa. Na faɗa masa abin da ke tafe da mu. Ya dubi Kawu, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan ba irin rediyonku ta gida ba ce da ke jawo murya daga bangon duniya. Tafiyarta gajera ce, kusan iya inda ido zai kai daga saman eriya. Jirginsu yana tura kaya masu nauyi, a hankali yake tafiya. In ba su sha kwanar duwatsun can ba za mu same su. Amma ka ga ko eriya ban ɗaga ba." Na tuɓe rigata na ce ya nuna mini abin da zan kama.

Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba, kuma ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irin dattijon nan ba. Ya riga ya ɗaure akwatin rediyon a inda feshin ruwa ba ya kaiwa, nesa da kamfas ɗin matuƙi mai nuna gabas da yamma, don ya ce ƙarfen cikinta yana karkatar da allurar. Ni na ja wayoyi biyu zuwa batir. Ina shirin haɗawa kai tsaye ya buge mini hannu, ya ce sai an sa fis, abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, kusa da batir, don wuta a jirgi ta fi ruwa kisa. Na ce lokaci yana tafiya. Ya ce ya sani. Na hau sandar jirgin da eriya a kafaɗa, jirgi yana rawa a ƙarƙashina, ni da ban iya iyo ba. Na ɗaure a tsakiya na ce ya isa, ya ce in ƙara sama, duk taku ɗaya a sama tafiya ce mai nisa a kan ruwa. Na kai ta can ƙoli. Ya sa na naɗe mahaɗar wayar da roba don kada danshi ya shiga, ya hana a kunna sai da ya bi kowace mahaɗa da yatsa, ya kuma gargaɗe ni kada kowa ya taɓa eriya in ana magana. A raina na zage shi ya fi a ƙirga. Yanzu na san duk abin da ya yi daidai ne.

La'asar ta kusa da ya kunna. Ya murɗa zuwa lamba goma sha shida, ya ce nan ake kira, nan kuma mai neman ceto yake kuka, don haka ba a hira a kai. Ya kira sunan jirginsu sau uku ya saki. Shuuu kawai. Ya sake kira. Can sai ga murya ƙasa-ƙasa tana amsawa da Turanci, kuma ko cikin barci na san muryar nan. Suka koma wata lamba, injiniya ya miƙo mini abin maganar.

Na ce, "Bawana, ubangidanka ne, oba."

Buba ya kwashe da dariya. "Soja! Me ya kawo ka ruwa, kai da ko rijiya tsoro take ba ka?"

Na ce ba ni kaɗai ba ne, ya saurara.

Muka kamo Kawu muka shigo da shi jirgin. Na nuna masa yadda abin yake: ka danna wannan maɓallin da babban yatsa ka yi magana, jar fitilar nan za ta kama, in ka gama ka saki ka ji amsa. Mutum biyu ba sa magana lokaci ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu, ya danna, fitila ta kama. Ya yi sallama. Sannan ya ce a gai da mai jirgi. Ya tambayi lafiyar mai jirgi, da iyalinsa, da gajiyar aiki, da yadda suka ji da ruwa. Ya ce a gai da sauran ma'aikata kowa da kowa. Na taɓa masa hannu ya saki.

"Baba? Baba, kai ne? Kai ne ka zo har nan?"

Muryar ta karye a ƙarshe. Kawu ya kau da kai daga abin maganar. Ni ya juyo ya kalla, ya ce, "Ka ce mashi uwatai na lahiya." Na karɓa na faɗa. Buba ya ce wani abu, rabinsa ya nutse a cikin shuuu. Injiniya ya sunkuyo ya ce, "Baba, abin da ya kawo ka, faɗe shi yanzu. Sun kusa kwanar."

Kawu ya sake karɓa. Ya dube mu mu biyu, sai ya juya mana baya ya fuskanci kogi, ya rungume abin a ƙirjinsa. Na ji ya ce, "Buba." Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. "Buba, na yahe maka. Maganad da na yi na janye ta. Gida naka ne, ka taho." Ya ci gaba a hankali, yana sa masa albarka.

Ni kuwa idona yana kan akwatin, kuma jar fitilar ba ta kama ba. Wajen rungumewa yatsansa ya zame daga maɓallin. Na gani tun kalmar farko. Injiniya ma ya gani, ya zungure ni. Amma ban matsa ba. Yaya zan zagaya gaban kawuna in kalli fuskarsa a wannan hali, in fizge abu daga hannunsa yana tsakiyar maganar da ya juya baya don kada mu gani? Na ce bari ya kai aya. Da ya kai, na karɓa na danna na yi ta faɗi, ya yafe maka, ya ce ka dawo, ka ji ni? Na saki. Shuuu. Injiniya ya kira har muryarsa ta dushe, ya koma sha shida ya kira, ba kowa.

Kawu ya share fuska da rawani ya juyo. Ya ce, "Ya ji ko?"

Na ce, "Ya ji, Kawu."

Injiniya ya sunkuyar da kai yana tattara wayoyinsa. Kafin mu bar kwata na rubuta wasiƙa na ba shi, tare da kwalbar man shanun da mahaifiyar Buba ta aiko. Ya yi alkawarin ba wa jirgin farko da zai gangara, amma bai ɓoye mini ba, ya ce da rani ana rarraba ma'aikata wurare daban-daban a bakin teku, wasiƙa takan yi watanni tana neman mai ita.

A hanyar dawowa Kawu ya zama wani mutum. Ya yi hira da Nufawa, ya yi wa gajerun shanu dariya, a wata tasha ma ya sa na sayo kifin nan ya ɗanɗana, ya ce ba laifi. Ni ne na kasa cin komai. Muka sauka Funtuwa, muka sami motar Dutsin-Ma, washegari na raka shi Kurfi, daga nan jaki ya kai shi Wurma ina biye da shi. Mahaifiyar Buba ta tare mu a ƙofar gida. Ita ma ba ta kiran sunan, sai ta ce, "Kun iske mutanen lahiya?" Kawu ya ce lafiya lau, an yi magana, komai ya wuce.

Na ga ƙasa, na ga ruwan da ban taɓa zaton akwai irinsa ba, na kuma ƙaru da aikin da nake taƙamar na iya. Amma abin da na koyo na gaske ɗan kaɗan ne: in ka miƙa wa dattijo abin magana, ka bar yatsanka a kan maɓallin, ka kau da kanka gefe in kunya kake ji. Kawu ya yi nasa, ya karya abin da ya riƙe shekara talatin. Ni ne kunyata ta fi ƙarfina na ɗan lokacin da bai kai a sha ruwa ba, kuma abin yana cina.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya kai shi Wurma. Bayan shekara shida, abin da Buba ya ji daga bakin ubansa shi ne gaisuwar mai jirgi. Kawu kuwa jiya ya aiko mini da saƙo, wai in je kasuwa in zaɓo masa ciyawar jinka mai kyau. Ya sa an fara gyara ɗakin Buba.